Bashi ya karya mutum a Ingila, yana son ci gaba da sana'arsa: ina zai samu inshorar diyyar jama'a?

Tambayar da ta sa na zauna rubuta wannan ita ce: mutumin da ke cin gashin kansa a Ingila, mai fenti ne ko mai gyaran gida ko mai shara ko mai sayar da abinci a rumfar kasuwa, bashi ya yi masa katutu har ya shiga hannun hukuma a matsayin wanda arzikinsa ya karye, shin zai iya samun inshorar nan da ake tambaya kafin a ba shi aiki? Na ji amsoshi iri biyu a bakin mutanenmu kuma duka biyun suna cutarwa. Wasu cewa suke ai shikenan, an rufe maka ƙofa, ka haƙura da sana'a sai bayan shekara shida. Wasu kuma cewa suke kai dai ka danna "a'a" a wajen tambayar, wa zai bincika? Ta farkon tana sa mutum ya zauna a gida babu dalili, ta biyun kuma wallahi ita ce mafi haɗari, kuma a kanta zan fi tsayawa.

Duk abin da zan faɗa a nan na Ingila da Wels ne. Sikotland tana da nata tsarin daban da sunaye daban, don haka wanda ke Gilasgo ko Edinbara ya lura.

Wace inshora ce wannan ɗin tukuna?

Turawa suna ce mata fablik layabiliti, ni zan riƙa ce mata inshorar diyyar jama'a. Aikinta ɗaya ne: idan a garin sana'arka ka ji wa wani ciwo ko ka ɓata masa dukiya, wanda ba ma'aikacinka ba, kamfanin inshora ne zai biya diyya da kuɗin lauyoyi a madadinka. Mai fenti ya jingina tsani a bakin ƙofa, iska ta tura shi ya faɗa kan gilashin motar maƙwabci. Mai shara ta goge dandaɓen wani shago bata sa alamar santsi ba, tsohuwa ta zame ta karya ƙugu. Mai suya ya kafa rumfa a filin biki, yaro ya zo da gudu ya ture kaskon mai. Irin waɗannan ne.

Abin da mutane da yawa basu sani ba shi ne, ga mafi yawan sana'o'i doka bata tilasta wannan inshorar ba. Wadda doka ta tilasta ita ce ta ma'aikata, tun dokar 1969: in kana da wanda ka ɗauka aiki dole ka yi masa inshorar da bata gaza fam miliyan 5 ba, kuma ana iya cin tararka har fam 2,500 a kowace ranar da kake aiki babu ita. Ita kuwa ta jama'a, kasuwa ce ta tilasta ta. Ƙaramar hukuma ba za ta ba ka wajen rumfa ba sai ka nuna satifiket, galibi na fam miliyan 5, babban ɗan kwangila ba zai bar ka ka shiga wajen gini ba, masu hayar zauren biki haka, hatta dillalan gidajen haya masu ba da aikin gyare-gyare sai sun ga takarda. Ana sayar da ita mataki-mataki, miliyan 1, miliyan 2, miliyan 5, miliyan 10. Kaga kenan mutum zai iya cewa doka bata hana ni aiki ba, amma a aikace duk wata ƙofa mai tsoka a rufe take.

Sai kuma ma'anar mai cin gashin kansa. A dokar Ingila in baka yi rajistar kamfani mai iyakantaccen alhaki ba, kai da sana'arka abu ɗaya ne, babu katanga a tsakani. Bashin sana'a bashinka ne, diyyar da aka yanke wa sana'a a wuyanka take. Da yawa sun gane wannan ne bayan korona, lokacin da bashin nan na farfaɗo da kasuwanci da gwamnati ta tsaya wa a 2020, wanda ya kai har fam 50,000, ya zo biya, mutum ya ga ashe sunansa ne a jiki ba sunan da ya liƙa a jikin mota ba.

Karayar arziki hawa-hawa ce

A bakinmu kalma ɗaya ce, "ya karye", amma a wajen hukuma hanyoyi uku ne manya, kuma mai inshora yana son sanin wacce ce taka.

Ta farko ita ce cikakkiyar karayar arziki, bankirafsi. Tun Afrilun 2016 mutum yana nema ne ta intanet, kuɗin nema fam 680, ko kuma mai bin ka bashi ya kai ka kotu. Dukiyarka ta koma hannun jami'in gwamnati mai kula da irin wannan, yawanci bayan wata 12 a sallame ka, sai dai in kana da rarar kuɗin shiga za a iya ɗora maka biyan wani kaso har tsawon shekara 3. A cikin wannan shekarar ba ka da ikon cin bashin da ya kai fam 500 ba tare da ka gaya wa mai ba da bashin halin da kake ciki ba, ba ka zama darektan kamfani sai da izinin kotu, kuma in ka canza sunan sana'a dole ka gaya wa masu hulɗa da kai sunan da aka karya ka da shi. Amma ga inda mutane ke ɓata: ba a hana ka sana'a ba. Dokar karayar arziki ta 1986 da kanta ta ce kayan aikin da kake buƙata da hannunka don neman abinci, har da mota in aikin na buƙatarta, ba sa cikin abin da za a ƙwace. Wato ita dokar so take ka ci gaba da aiki.

Ta biyu ita ce yarjejeniya da masu bin bashi, IVA. Wani ƙwararre mai lasisi ne ke tsara ta, ka riƙa biyan wani abu duk wata na shekara 5 ko 6, kuma sai masu kashi 75 cikin 100 na bashin daga cikin waɗanda suka kaɗa ƙuri'a sun yarda. Masu sana'a sun fi son wannan saboda bata taɓa harkarsu sosai, amma tsawonta ne abin dubawa, shekara biyar ko shida kana sabunta inshora kana amsa tambaya ɗaya.

Ta uku DRO ce, wato umarnin sassauta bashi, ta marasa ƙarfi sosai. An fara ta a 2009, a 2024 aka cire kuɗin nema na fam 90 aka kuma ɗaga iyakar bashin zuwa fam 50,000, da sharaɗin kadararka bata wuce fam 2,000 ba, motarka bata wuce fam 4,000 ba, kuma abin da ke rage maka a wata bai wuce fam 75 ba. Ita ma wata 12 ce.

Duka ukun suna hawa rajistar gwamnati wadda kowa zai iya buɗewa kyauta a wayarsa ya rubuta sunanka, ana cirewa wata 3 bayan an gama. A fayil ɗinka na bashi kuma, wanda masu ba da bashi ke dubawa, shekara 6 suke yi. Ita bankirafsi har a jaridar gwamnati ta Gazette ake buga ta. Na kawo wannan ne saboda masu cewa wa zai bincika. Binciken ko minti biyu baya ɗauka.

Mai yasa masu inshora ke ja da baya?

Mutum zai ce, to ni bashi ne ya kayar da ni, me ya haɗa wannan da ko tsanina zai faɗi? Tambaya ce mai kyau kuma ni ma ina ganin akwai rashin adalci a yadda ake yi wa kowa kuɗin goro. Wanda rashin lafiya ta kwantar da shi wata takwas da wanda ya ci kuɗin mutane ya yi facaka, duk akwati ɗaya ake danna musu.

Su dai ga lissafinsu. Suna ganin wanda ke cikin matsin kuɗi ya fi kusa da ya yi aiki cikin gaggawa, ya ƙi canza kayan aikin da suka tsufa, ya karɓi aikin da ya fi ƙarfinsa. Suna tsoron ya kasa biyan kuɗin wata-wata, ko ya kasa biyan kason da ake cewa shi zai fara biya daga aljihunsa in an samu ɓarna. Akwai kuma tsoron da'awar ƙarya, duk da dai wannan ya fi shafar inshorar kadara, don a ta jama'a ba kai ke karɓar kuɗin ba.

Amma babban dalilin a ganina ba ma wannan bane, na'ura ce. Inshorar ƙananan masu sana'a da ake saya a intanet kuɗinta kaɗan ne, ribar da ke ciki bata kai a zaunar da ɗan adam ya karanta labarinka ba. Sai aka tsara ta a kan jerin zato: an ɗauka baka taɓa karyewa ba, an ɗauka babu hukuncin kotu na bashi a kanka, an ɗauka ba a taɓa soke maka inshora ba. In ka ce ɗaya daga ciki ba haka bane, shafin kawai ya ce ba za mu iya ba ka farashi ba. Mutum ya gwada shafi uku huɗu da daddare duk amsa ɗaya, ya rufe kwamfuta ya ce shikenan duk Ingila sun ƙi ni. Alhali babu wani mutum mai rai da ya duba maganarsa ko sau ɗaya.

Akwatin nan da ake dannawa

Ka hango mutum ƙarfe sha ɗaya na dare, an ce masa ranar Litinin ya zo da satifiket ko a ba wani aikin, yara sun yi barci, kuɗin haya saura sati. Ga dogon rubutu ƙanana-ƙanana a allon waya, a ƙasa ga ɗan akwati "na yarda duk abin da ke sama gaskiya ne". Layi na shida ko na bakwai shi ne na karayar arziki. Yatsa ɗaya ne tsakaninsa da satifiket a imel cikin minti biyar. Ni ban raina wannan jarabawar ba, na san yadda take da nauyi. Amma bari mu ga abin da ya saya in ya danna.

Inshorar sana'a tana ƙarƙashin dokar inshora ta 2015 wadda ta fara aiki a Agustan 2016. A inshorar gida ko motar hawa, dokar 2012 ce ke aiki, kuma nauyin da ke kanka shi ne ka amsa abin da aka tambaye ka da gaskiya da kulawa. A ta sana'a nauyin ya fi haka: dole ka gabatar da haɗarinka yadda yake, ka faɗi duk abin da ka sani wanda zai iya canza ra'ayin mai inshora mai hankali, ko aƙalla ka faɗi abin da zai sa ya ƙara tambaya. Mai fenti ɗaya tilo da tsaninsa ma wannan dokar ce ta hau kansa in dai don sana'a ya saya.

In aka gano baka faɗa ba, hukuncin ya danganta da niyya. Idan da gangan ne ko ko-in-kula, kamfani zai soke inshorar tun daga tushe kamar ba a taɓa yinta ba, ya ƙi biyan ko sisi, kuma ya riƙe kuɗin da ka biya. Idan kuskure ne, sai a duba me da kamfanin ya yi da ya sani. In da ba zai karɓe ka ba sam, zai soke ya mayar maka da kuɗinka, diyya kuma babu. In da zai karɓe ka amma da tsada, sai ya biya gwargwadon abin da ka biya. Misali kawai: ka biya fam 150 alhali da ka faɗi gaskiya fam 300 za a caje ka, aka yanke diyyar fam 20,000, to 10,000 za su biya, sauran a wuyanka. Wanda kuwa aka rubuta masa tambayar ƙarara ya danna a'a yana sane, da wuya ya iya cewa kuskure ne.

Kuma ba a ranar saye suke bincike ba, ranar da aka kawo da'awa ne, lokacin da kuɗi mai yawa zai fita. A lokacin ne ake buɗe rajista. Wato duk watannin nan mutum yana yawo da takarda a mota yana jin hankalinsa kwance, ranar da ya buƙace ta sai ta zama holoƙo hadarin kaka. Sannan ga tabo na biyu: kusan kowace takardar neman inshora tana tambayar ko an taɓa soke maka ko an ƙi ka, kuma wannan tambayar sau da yawa "taɓa" ce, babu iyakar shekaru. Bankirafsi shekara ɗaya ce a sallame ka, amma wannan tabon zai bi ka har inshorar mota da ta gida.

Ga kuma abin da ya fi damuna, wanda kusan babu mai faɗa. Mutane suna cewa ai na riga na karye, me kuma za a ƙwace a hannuna? Na farko, duk bashin da ya hau kanka bayan ranar da aka yanke maka karayar arziki sabon bashi ne, baya cikin wanda za a yafe. Na biyu, diyyar raunin da ka ji wa mutum ta hanyar sakaci tana cikin basussukan da sallama daga bankirafsi bata gogewa sai in kotu ta ce a goge, DRO ma bata ɗaukarta. Kenan wanda ya karye yana ƙoƙarin tashi shi ne ma ya fi kowa buƙatar inshora ta gaskiya, don in tsautsayi ya faɗa, babu wata ƙofar fita ta biyu.

Kar kuma a manta da wanda aka ji wa ciwon. Akwai dokar 2010 wadda ita ma ta fara aiki a Agustan 2016, ta ba wanda aka cutar damar ya bi kamfanin inshora kai tsaye idan mai laifin ya karye, don kar kuɗin diyyarsa ya narke cikin rabon masu bin bashi. Doka ce mai kyau ƙwarai. Amma kamfanin yana da ikon ya kare kansa da hujjar da zai kare kansa da ita a gabanka, wato in ka yi ƙarya a farko, tsohuwar nan mai karyayyen ƙugu ita ma ta tashi a tutar babu. Haƙƙin mutum ne wannan, kuma mu mun san nauyin haƙƙi.

Dabarun da ake ba mutane a majalisa

A sa sunan madam. Wannan ita ce ta farko da za ka ji. In matarka ce da gaske ke da sana'ar, ita ke karɓar aiki ita ke biyan haraji kai ma'aikacinta ne, wannan wata magana ce daban, amma a nan ma yawancin takardun suna tambaya a kan duk mai hannu a tafiyar da harkar. In kuwa suna kawai aka ara kai ne komai, to an ƙara jefa ta ne a cikin matsala.

A buɗe kamfani. Wanda ke cikin bankirafsi ko DRO laifi ne a doka ya zama darekta ko ya tafiyar da kamfani ta bayan fage ba da izinin kotu ba. Mai IVA doka bata hana shi ba, amma tambayar inshorar tana nan, tana cewa kai ko wani darekta ko abokin tarayya.

Akwai wani da na sani yana yi da arha. Ɗan uwa ka yi hattara da wannan. Akwai dillalan bogi da ke tallata kansu a WhatsApp da Instagram da Facebook, sun fi yawa a inshorar mota amma salon ɗaya ne, su cike maka fom da bayanan ƙarya ko su ƙirƙiro satifiket, kuma baƙi da waɗanda aka ƙi a wasu wurare su ne abincinsu. 'Yan sandan birnin Landan suna da sashe guda na zambar inshora da ke bin irin waɗannan. Duk wanda zai sayar maka da inshora ka duba sunan kamfaninsa a rajistar FCA, hukumar da ke sa ido a kan harkokin kuɗi, ka kira lambar da ke kan rajistar, kar ka kira wadda ya turo maka.

To ina hanyar take?

Dillalin inshora na gaskiya, mutum mai rai a waya. Ƙungiyar dillalan inshora ta Birtaniya, BIBA, tana da sashen da ke haɗa mutane da dillalan da suka ƙware a kan irin maganar da na'ura ta ƙi. Su waɗannan dillalan suna da hanyar kai maganarka gaban masu yanke shawara a kamfanoni, har da kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan, inda ake duba mutum ɗaya-ɗaya. Ka faɗa a jimlar farko, kafin ma a tambaye ka: ina cikin IVA tun wata kaza, ko an yanke min bankirafsi ranar kaza. In wannan dillalin ba ya yi, ka huta da ɓata lokaci ka kira na gaba.

Ka shirya labarinka a rubuce, rabin shafi ya isa. Wace iri ce, yaushe aka fara, yaushe za a gama, me ya jawo, bashin gida ne ko na sana'a, kana biya a kan kari ko a'a, shekara nawa kana wannan aikin, an taɓa kawo da'awa a kanka ko ba a taɓa ba. Wanda ya yi shekara goma yana fenti babu ko da'awa ɗaya, wani ɗan kwangila ya riƙe masa kuɗi ya durƙushe, wannan labari ne da mai yanke shawara zai iya sa hannu a kai. Ka tura ta imel don ya zama akwai shaidar ka faɗa, kuma in takardu suka zo ka karanta shafin da aka jera bayananka, in har yanzu yana cewa baka taɓa karyewa ba kar ka yarda da "ai mun sani, ba komai" ta baki, a gyara a rubuce.

Ka kula da yadda aka yi tambayar. Wasu kamfanonin suna tambayar shekara biyar da suka wuce, wasu fiye ko ƙasa, wasu kuma "ka taɓa". Tsofaffin laifuka akwai dokar 1974 da ke wanke su bayan wani lokaci har mutum ya daina faɗa, amma karayar arziki bata da irin wannan dokar, in an ce ka taɓa to ka taɓa ko da shekara goma sha biyar ne.

Sai maganar biya, wadda ita ce ke kayar da mutane da yawa bayan an ma karɓe su. Biyan wata-wata galibi bashi ne, wani kamfanin ne ke biya maka na shekara kai kuma kana biyansa da ruwa, don haka za a duba fayil ɗinka kuma a nan ne ake yawan ƙi. In ya kai fam 500 kuma ga waccan ƙa'idar, mai bankirafsi dole ya sanar, mai IVA kuma yawanci sai da izinin mai kula da yarjejeniyarsa. Mafita ita ce biyan na shekara gaba ɗaya. Na san da wuya ga wanda ke ƙirga fam biyar-biyar, amma kuɗin inshorar sana'a yana cikin halaltaccen kashe-kashen aiki, ka sa shi a kasafin da za ka miƙa wa jami'in gwamnati ko mai kula da IVA ɗinka tun farko, a cire shi kafin a ce ga rararka. Ka tuna kuma akwai harajin kashi 12 cikin 100 a kan kuɗin inshora, ka tambaya ko farashin da aka faɗa maka har da shi. Business Debtline suna ba masu cin gashin kansu shawara kyauta a kan irin wannan kasafin, StepChange da Citizens Advice ma suna nan, babu dalilin biyan wani kuɗi don shawara.

In kana da inshora tun kafin ka karye, kar ka ɗauka tana nan daram. Wasu takardun suna da sharaɗin ka sanar da su in hakan ta faru, wasu ma suna cewa kariyar ta tsaya. Sannan a bankirafsi banki yakan daskarar da asusu, kuɗin wata ya je fita ya dawo, wasiƙa ta zo baka buɗe ba saboda ka gaji da buɗe wasiƙu, bayan 'yan makonni an soke. Ka kira su da kanka a satin farko.

Akwai kuma hanyoyin rage zafi na ɗan lokaci. Wasu ƙungiyoyin sana'a suna haɗa inshora a cikin kuɗin zama mamba, kamar NMTF ta 'yan kasuwar rumfa, amma ka tambaye su a rubuce ko halin da kake ciki ya shafi kariyar kafin ka biya. Wanda ke aikin gini yana sayar da ƙarfinsa kawai, kayan aiki da umarni duk na babban ɗan kwangila ne, sau da yawa inshorar ɗan kwangilar ce ke rufe shi, amma shi ma a tabbatar masa a rubuce. Wani kuma ya ga ya fi masa sauƙi ya koma aikin albashi na wata goma sha biyun nan, ba abin kunya bane.

In an ba ka, ka duba abin da aka cire. Da yawa ba sa biyan ɓarnar ainihin abin da kake aiki a kai, akwai iyakar tsayin da za ka hau, akwai sharaɗin aiki da wuta. Mai abinci ta tabbatar an haɗa mata da diyyar abin da ta sayar, don in mutane suka ci suka kwanta asibiti wannan ɓangaren ne ke biya. Ka kuma ajiye tsofaffin satifiket, saboda wanda ya ji rauni yana da shekara 3 ya kai ƙara, in yaro ne ma sai ya cika 18 ake fara ƙirga masa. In kuma ka faɗi gaskiya amma kamfani ya ƙi biya, ka rubuta musu ƙorafi, suna da sati 8 su amsa, daga nan ka wuce ofishin sasanta rigingimun kuɗi na Ombudsman, kyauta ne kuma yana sauraron ƙananan masu sana'a.

Ga masu tambayar halacci

Na san akwai wanda tun farkon rubutun nan abin da ke ransa kenan. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci bata halatta ba, ta taimakekeniya ce ta halatta, wadda muka sani da takaful. A Najeriya akwai kamfanonin takaful masu lasisi, amma a Ingila samun takaful ga mai ƙaramar sana'a abu ne mai wuya, shi yasa malamai da dama a nan suke duba maganar ta fuskar lalura da buƙata, musamman inda doka ko sharaɗin aiki ya tilasta. Kowa ya zauna da malamin da ya yarda da shi ya gaya masa halin da yake ciki dalla-dalla, har da cewa ba a ba shi aiki sai da takardar, da cewa kuɗin in ya fita aljihun wanda aka raunata zai shiga. In malam ya ce kar ka yi, to sai ka nemi irin aikin da inshorar mai gidan aikin ta rufe ka, in kuma ya ce ka yi, ka ɗauki waya da safe ka kira dillali da ɗan rubutun nan naka a gabanka.